Jakin da Ya Yi Mana Tafinta a Makarantar Mishan

Tun da na dawo daga ganin tsohuwar makarantarmu na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in ji kamar an shimfiɗa wa kujerar ƙaya, in na miƙe kuma sai in rasa inda za ni. Mai ɗakina har ta ce ko dai in nemi magani, ko in fita in taya kaji tonon juji, tunda ni da su aiki ɗaya muke yi tun safe. Abin da ya hana ni sukuni kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne a idon mutane. Ɗorawar da ke bakin ƙofar makarantar aka sare. Wai ɗakin taro za a gina a wurin, na siminti da rufin kwano. Na samu ana ta sauke yashi, kututturen yana gefe kamar an yanke wa ƙato kai an bar wuyan. Ɗaliban yanzu suna ta wucewa da takalma da littattafai a hammata, ko kallonsa ba sa yi. Ban ga laifinsu ba. Su a wurinsu itace ne.

A zamanin da nake faɗa, Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar nan ba. Akwai tsofaffin da in suka hango farar hular Bature sai su faɗa cikin dawa, ba a ƙara jin ɗuriyarsu sai an yi girbi. Masu mulki ba su yarda 'yan mishan su zauna cikin gari ba, sai aka yanka musu wani fako can bayan duwatsu, tsakanin Dutse da Kiyawa, kusa da ƙauyukanmu na Maguzawa. Fakon nan ko kura ta raina shi. A nan suka kafa ɗakin shan magani da 'yar makarantar horar da masu bishara, waɗanda in sun gama za a rarraba su ƙauyuka su riƙa wa'azi da koyar da karatu. Ni ba wa'azi ne ya kai ni ba, gyambo ne. Gyambon da, in ban yi ƙarya ba, ɗan akuya zai shiga ya kwanta har ya juya. Kafin ya warke na riga na iya haruffa, don a gefen masu karatu ake shanya mu, mu masu ciwo. Da ƙafa ta haɗe sai kai ya ƙi komawa gida. Na roƙa, aka karɓe ni.

Ɗakunanmu na laka ne da jinka, gara ce mai gida, mu baƙi. Wani guntun ƙarfen titin jirgi aka rataye a reshe, shi ne ƙararrawa, kuma shi ne sarkinmu. Da shi ake tashi, da shi ake addu'a, da shi ake shan koko, har na taɓa rantsewa in bai buga ba zakarun wurin ba sa cara. Shugaban makarantar wani dogon Bature ne da muke kira Mai Agogo, domin ko atishawa zai yi sai ya ciro agogonsa daga aljihu ya duba ko lokacinta ya yi. Mutumin kirki ne, mai saurin hawaye, Hausarsa kuwa irin ta littafi, kowace kalma a goge take kamar ƙwaryar amarya. Da safe mu yi karatun Littafi Mai Tsarki da rubutu, da fari a ƙasa da yatsa, daga baya a allon dutse. Da hantsi lissafi da waƙoƙin sujada, waɗanda muke rerawa da muryar da muka saba korar tsuntsaye da ita a gona. Da rana a koya mana wanke ciwo da ɗaure shi, da ɗan aikin kafinta. Da yamma kowa ya ɗauki fartanya zuwa gonar makaranta, don abin da muka noma shi muke ci. Har yau in na rufe ido ina jin wurin: matan ɗalibai masu aure suna lugude a bayan darni, kurciya na kuka, Filani mata na cigiyar masu sayen nono, wani lokaci kuma iska ta kwaso kiran salla daga garin da ke gangare ta haɗa shi da ƙarar ƙarfenmu. Ranar gwajin wa'azi kuwa, a kan wani suri ake ɗora mutum, 'yan'uwa su zauna a ƙasa a matsayin mutanen ƙauye, wannan ya yi gyangyaɗi da gangan, wancan ya yi ta tambayar banza. Ni ranar da na fara hawa, sai da awakin makaranta suka bar ƙasar Dutse gaba ɗaya. Yanzu na ga suna da benci da fitila da ɗakin littattafai da ya fi ƙauyenmu girma. Allah ya ƙara musu. Amma ban ji wani yana dariya ba a duk yinin da na yi.

Akwai abokina Ranau, wanda a dalilinsa aka kafa dokar da ta kusa gamawa da ni. Ranau ba ya iya wata guda bai ga gida ba, kuma duk sanda ya so tafiya sai ya zo da ido jawur ya ce kakarsa ta mutu. Ya binne kakanni har Mai Agogo ya fara mamakin irin gidan da ke haifar tsofaffi da yawa haka. Ran nan sai ga ɗaya daga cikin matattun ta zo sayar da daddawa, da ƙafarta, tana ma neman jikanta. Daga nan doka ta fito: da damina ba mai barin makaranta sai ubansa ya zo da kansa, ya tsaya gaban shugaba, ya kira ɗansa da bakinsa ya nemi a ba shi. Wanda ya tafi ba haka ba, to ya tafi ke nan, ba dawowa.

Ga duk ɗaliban dokar nan mai sauƙi ce, ban da ni. Ni ɗan fari ne. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, don haka bari in faɗa. A gidajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna shi, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya cewa nawa ne. Kunya ce, kuma ita ce girmansa. Tun da aka yaye ni a ɗakin kakata na tashi. Tsohona in zai yi zance na sai ya ce "wancan", ko "na tsohuwa". In yana so in ɗebo ruwa sai ya gaya wa randa cewa ta yi ƙasa. In na yi abin kirki sai ya yaba wa fartanya. Ni ma haka nake masa, ban taɓa buɗe baki a gabansa kai tsaye ba. Duk wata magana mai nauyi tsakaninmu baffana, ƙanensa, shi ke ɗauka ya kai ya kawo. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya. Kowa ya san inda naman kai yake sauka in an yanka akuya.

To a shekarar nan abubuwa suka haɗu. Baffa an ɗebe shi aikin hanya ba a san ranar dawowarsa ba. Tsohona kuma kurkunu ya fito masa a ƙafa, wannan tsutsar da ke kwantar da ƙato daidai lokacin shuka. Ƙannena duk ba wanda ya kai ɗaga sungumi. Wata maƙwabciyarmu da ta zo shan magani ita ta tsegunta mini, ta ƙara da cewa mai gari ya fara zancen gonar da ba a shuka ba ba za a bar ta ta kwana damina a banza ba, akwai masu so. Gonar nan kakan kakana ne ya sare ta. Ita ce tuwonmu, ita ce sunanmu a ƙauyen. Na je na durƙusa wa Mai Agogo na zayyana masa komai. Ya saurare ni da tausayi, ya duba agogo, ya ce doka doka ce, Ranau ya cinye wa kowa gaskiyarsa. Na aika gida da abin da aka ce, ba don ina sa rai ba.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Zafi ya kai intaha, gabas ta fara yin baƙi da yamma tana watsewa, iska na kawo ƙanshin ƙasa daga inda aka riga aka samu ruwa. Ɗan manomi in ya shaƙi wannan ƙanshi, ko a sama aka ajiye shi sai ya nemi tsani. Ina zaune a aji ƙafata na rawa har dakalin laka na tsagewa. A ce in karanta aya, in karanta ta gaba. A waƙa ina riga kowa kai ƙarshe. Ranau ya ce in ba ni da kaka ta kashewa ya ara mini ɗaya, akwai sauran.

Wata safiya ana cikin lissafi sai ga jaki ya tsaya a gindin ɗorawa, mutum a kai, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma. Tun daga nesa na gane zaman. Tsohona ne. Mai Agogo ya fito da fara'a, ya sa aka buga ƙarfe, aka jera mu a fili kamar yadda doka ta ce, ba mai magana a layi. Tsohona ya ɗingiso da sanda, ya tuɓe takalmin ƙafarsa mai lafiya, ya tsuguna da ƙyar ya yi gaisuwa. Ya gaida Bature, ya gaida iyalinsa, ya gaida gajiya, ya gaida zafi, ya tambayi lafiyar dokin da Baturen ba shi da shi. Da gaisuwa ta ƙare aka tambaye shi abin da ke tafe da shi, sai ya ce ya zo ne a kan wani yaro na wajensu. Aka ce wane ne sunansa. Ya dubi ƙasa. Aka ce to ya nuna shi. Ya dubi rufin ɗakin magani, ya ce jinkar nan ta yi kyau, wa ya yi ta. Mai Agogo ya kamo hannuna ya fito da ni gaba.

"Baba, wannan ɗanka ne?"

Tsohona ya kau da kai har wuyansa ya kusa komawa baya.

"Ranka ya daɗe, na tsohuwa ne."

Aka sake tambaya, ya sake ba da amsar nan. Ni kuwa ina tsaye kamar turke, don a gabansa ba ni da baki. Ɗalibai duk sun gane, kowa ya sunkuya, kafaɗun Ranau sai rawa suke yi. Mai Agogo shi kaɗai ne bai gane ba, kuma ban zarge shi ba. Ya taɓa ganin waɗanda danginsu suka kore su da gaske saboda sun bi wannan hanya, zuciyarsa a shirye take ta ga wani. Nan take idonsa ya cika. Ya rungume ni a gaban jama'a, ni da gemu ya fara tsiro mini, ya ce kada in ji tsoro, in uba ya ƙi ni saboda bangaskiya, daga yau shi ne ubana. Ya juya ya ce wa tsohona ya sauka lafiya, za a yi masa addu'a. Bayan an watse Ranau ya bi Baturen zai yi bayani, shi kuwa ya ce masa ya gode, amma ya daina rufa wa mutane asiri, kuma daga bakinsa ma ba a karɓar labarin dangi. A ranar har ƙarin miya aka yi mini. Na tura wa Ranau.

Da rana ta take, kowa ya shiga inuwa, na leƙa sai na ga jakin yana nan. Tsohona bai tafi ba. Yana zaune a gindin ɗorawa ya miƙe ƙafar, ya ba makaranta baya. Na zagaya ta bayan darni na tsaya a ɗaya gefen itacen, ni ma na ba shi baya, jakin yana tsakaninmu yana kaɗa kunne. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Kai jaki, ka dubi gabas kuwa? Ko kai ma ka shiga boko ka daina kallon sama?"

Na ce, "Jaki, gaya wa mai kai an duba."

Sai ya shiga ba jakin labari. Iri yana rumbu an gyara shi. Ƙafa ta ƙi. Yara sun gwada sungumi ya fi ƙarfinsu. Mai gari ya aiko a gaishe shi, irin gaisuwar nan da ake yi ido na kan gona. Jakin ya saurara da natsuwar da ban taɓa gani a wurin alƙali ba. Ni kuma na riga na yanke shawara, na ce wa jakin ya gaya wa mai shi ya kama hanya, akwai mai tsallake darni ya tarar da shi kafin duwatsu.

"Jaki, in an tsallake, akan koma?"

"Ba a komawa."

Sai ya tambayi jakin ko gaskiya ne abin da ake faɗa, wai wancan yana duba takarda ya ji maganar mutumin da ba ya nan. Na ce wa jakin gaskiya ne. Ya tambaya ko gaskiya ne har ciwo yana ɗaurewa, kuma saura kaɗan a ba shi gari guda ya koyar. Na ce haka aka ce. Na ji ya ja numfashi, ya ɗan bugi wuyan dabbar a hankali.

"Kai da ba ka san kunya ba, da kai ka shiga ka faɗa musu. Allah bai ba ka baki ba, ya ba wanda ba zai iya ba."

Aka buga ƙarfe, na koma aji, zuciyata tana kan darni, ina auna inda ya fi gajarta.

Da yamma muna taron addu'a a fili, hadari ya haɗe har kaji sun fara neman akurki, sai muka ji ƙarar sanda. Ga shi nan yana ɗingisowa. Bai yi doguwar gaisuwa ba wannan karon. Ya tsaya a tsaye, gumi na zuba, ya dubi Bature.

"Ranka ya daɗe, ɗana na zo aro. In an gama noma zan dawo maka da shi."

Mai Agogo ya ce to ya kira shi. Tsohona ya juya ya fuskanci ɗorawar da ke waje, ya riƙe sandar da hannu biyu kamar mai shirin ɗaga dutsen niƙa.

"Nomau."

Luguden da ake yi a bayan darni ya tsaya. Ranau, wanda ba abin da ke ba shi kunya a duniya, ya sa hannu ya rufe fuska. Kowa ya dubi ƙasa kamar an ga babba tsirara. Ni kuwa, ni da ake cewa ko ina barci bakina ba ya hutawa, na buɗe baki in amsa, babu abin da ya fito. Na dai fita daga layi na je na kwance jakin. Mai Agogo ya ɗaga hannu sama yana godiya an tausasa zuciyar tsoho cikin yini guda. Sai bayan shekaru na zaunar da Baturen na warware masa abin da ya faru a gabansa. Ya ciro agogon, ya mayar bai duba ba. Ba a daɗe ba aka sassauta dokar, kowane babba na gida ya isa.

Ruwa ya same mu a hanya, tsohona a gaba a kan jaki, ni a baya. Da gari ya waye na shiga gona da sungumi, ƙannena na bi na suna jefa iri suna takewa. Na yi saran da sai da duwatsun Dutse suka matsa gefe. Kowace safiya kuma ni ke wanke masa ƙafar, in naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan yadda aka koya mana. Yakan miƙo ƙafar yana kallon bango, in na gama ya gaya wa bangon cewa hannun nan ba laifi. Gonar ba ta bar gidanmu ba. Da aka gama noma shi da kansa ya rako ni har gindin ɗorawa, ya ce wa jakin ya sauke kayan mutane, ya juya. Har ya bar duniya bai sake kiran sunan nan ba.

Yanzu duniya ta sake. Ni kaina ɗana na fari nakan kira shi da suna har sunan ya fara sulɓi. A ranar da na je makarantar na ga wani uba ya dafa kafaɗar ɗansa yana gaya wa kowa ga ɗan farinsa, yaron na ta washe baki. Ban ce sun yi kuskure ba, wataƙila ma su ne a kan daidai. Abin da ke damuna daban ne. Na tsaya a kan kututturen nan ina ƙoƙarin dawo da muryar, ta ƙi. Na tuna sandar, na tuna gumin, na tuna ƙanshin ruwa, amma ko da ƙarfi ya faɗa ko a hankali, na rasa. Da itacen yana nan da na ce ko ya riƙe mini.

Ina cikin wannan sai ga jakin masu kawo yashi an sauke masa mangala, an bar shi yana hutawa daidai inda namu ya tsaya. Na duba dama da hagu. Magina suna kallona, wani ɗalibi har ya matso yana tambaya ko Baba na neman wani ne. Na ce masa a'a, saƙo zan bayar. Na gyara rigata, na matsa kusa da kunnen dabbar, na ba ta baya kamar yadda aka saba.

Na ce, "Jaki, in ka je, gaya wa mai kai: na'am."